Motar da take tashi yau, gobe ta ƙi

Cikin duk aikin da ake kawo mana gareji babu mai cin rai kamar a-kori-kura mai giyar hannu da mai ita zai ce maka wani lokacin tana tashi wani lokacin kuma ta kafe. Ka karɓi makulli ka murɗa, ta tashi nan take, shi kuma yana gefe yana rantsuwa wallahi da safen nan sai da aka tura ta. Kuma gaskiya yake faɗa.

Maigidan da ya koya min aiki baya barin a buɗe bonet sai an gama yi wa direba tambayoyi. Lokacin da ta ƙi tashi me ka ji? Shiru ne gaba ɗaya, ko ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko injin yana juyawa amma baya kamawa? Da sanyin safiya ne ko bayan ta yi tafiya ta ɗau zafi? Sai babbar tambayar, in an tura ta tana tashi? Indai tana tashi da turi to kaga mai yana zuwa, injin lafiyarsa lau, matsalar tana tsakanin batir da kik, wato ɗan injin lantarkin da ke juya injin mota ya tashe shi, ka rage rabin aiki tun baka ɗauki sifana ba.

Wurin da mutane suka fi mantawa shine ɗan makunnin da ke saman fedar kulochi. Ba kowace mota ke da shi ba, amma masu shi ba zasu bar wuta ta je kik ba sai ka taka kulochi har ƙasa. A wasu akwai ɗan roba da ke danna shi, in ya cinye to yau ya taɓa gobe ya kuskure. Na ga wadda shimfiɗar ƙasa ce kawai ta tattare a ƙarƙashin feda, mai ita har ya sayi sabon batir. Kuma ni bana goyon bayan masu haɗe wayoyin makunnin guda biyu su sallami mutum, ranar da aka murɗa makulli mota tana cikin giya zata zabura ne, in akwai yaro a gaba fa?

Sai maganar mita, abin auna wuta. Batir mai lafiya yana nuna kamar bolt 12.6 a zaune, in ana kik kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Amma awon zaune yana ruɗin mutum sosai, don wayar da silinta ɗaya ya rage ma zata nuna maka 12, alhali kik ɗaruruwan amfiya yake ja. Dole a auna lokacin da wani yake murɗa makulli, tsinken mita ɗaya a kan batir mai alamar +, ɗaya a inda babbar wayar ta ɗaure a jikin kik, in asarar ta wuce rabin bolt akwai inda wuta take maƙalewa. Haka za a yi wa wayar at, wato ta komawar wuta, da ta haɗa injin da bodi. Sau da yawa daga waje wayar tsaf, ka yanka robar ka tarar ciki ya zama koren gari.

In ƙas ɗaya take yi ta yi shiru, hankalina kan solinoid yake tafiya, wato makunnin da ke jikin kik mai haɗa masa babbar wuta. Kik ɗin Denso irin na Hilux yana da tagulla biyu a ciki da suke cinyewa, ɗaya ya fi ɗaya zaizayewa, sai farantin da ke sauka a kansu ya haɗa wuta ya riƙa sauka a karkace. Tagullar kawai ake canzawa, ba sai an jefar da kik ɗin duka ba.

In duk an duba kuma ta ƙi yin halin nata a gabanmu, sai in ɗaura ƙaramin kwan fitila a siririyar wayar solinoid in jawo shi cikin mota kusa da sitiyari, in ce wa direba ya tafi da ita, ranar da ta ƙi tashi ya kalli kwan yana murɗa makulli. In ya kawo wuta, laifin kik ne ko manyan wayoyi. In bai kawo ba sai mu koma kan makunnin kulochi da gidan makulli da rilei, wato ɗan makunnin da ke miƙa wa solinoid wuta.