Yadda takardar fili ta taɓa lafiyar gidanmu

Shekara bakwai muka yi a gidanmu na bayan Rimin Kebe a Kano ba sokawe ba kwata, masai ma rami ne kawai aka haƙa aka rufe shi sama-sama, kuma ba wai kuɗin ne babu gaba ɗaya ba, tsoro ne ya hana. Filin awon igiya ne, gona ce aka yanka fuloti-fuloti, abin da ke hannunmu takardar ciniki ce guda ɗaya mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Duk sanda na ce Baba bari a gyara bayin nan sai ya ce "kai yaro, wa yake zuba siminti a ƙasar da bai san gobenta ba?" Kuma da gaskiyarsa, don shekararmu biyu da tarewa wani bawan Allah ya zo ya ce gonar gadonsu ce ba a raba ba, wanda ya sayar mana bai da hurumi, ga kuma raɗe-raɗin wai titi zai bi ta layinmu. To duk layin haka kowa ya zauna, ba mai gina magudanar ruwa, kowa ruwan wankinsa ya tura waje ya kwanta.

Abin da ya farkar da ni wata damina ce cikin Agusta. Ruwa ya yi kwana uku yana zuba, masai ya cika ya tumbatsa, washegari 'yata mai shekara uku ta fara amai da gudawa, kafin magariba idonta ya faɗa, jiki ya saki. A asibiti bayan an sa mata ƙarin ruwa wata nas ta tambaye ni, "Malam, ina kuke samun ruwan sha? Taku nawa ne tsakanin rijiyarku da masai?" Wallahi ban taɓa aunawa ba. Da na koma gida na auna, taku shida. Ma'aikatan lafiya kuwa shawararsu a bar kamar mita 30, alhali fuloti mai ƙafa 50 da 50 kowane gefensa wajen mita 15 ne, kenan ko a kusurwa ka haƙa ba za ta yi ba, balle ga masan maƙwabci a jikin katangarka. Kwalara da taifot ta nan suke bi, kashi ya tsiyaya cikin ruwan sha. Sauro kuma kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo in ya samu ruwa a kwance, shi ya sa kuɗinmu yake ƙarewa a kyamis.

Shi kuma Baba nasa ciwon daban ne, hawan jini. Mota ta tsaya a ƙofar gida da safe sai ka ga ya miƙe zumbur, gani yake masu shafa jan fenti a gidan da za a rushe ne. Barci ba ya yi. Wannan ɓangaren mutane ba sa lissafa shi a maganar lafiya, ni kuwa na ga yadda fargaba take cinye dattijo a zaune.

Sai na ce to ko me zai ci sai mun yi takarda. Da magada muka fara, aka zauna gaban mai unguwa har aka dangana da dagaci, muka ƙara musu wani abu aka yi sulhu, kuma na dage sai kowa ya sa hannu har matan cikinsu, don in ka tsallake mace ɗaya mai gado gobe 'ya'yanta ne za su dawo maka. A nan ne ma na fahimci dokar ƙasa ta 1978, wadda ta sa duk filin jiha amana a hannun gwamna, kai izinin zama ake ba ka, yawanci shekara 99, kana biyan kuɗin ƙasa. Takardar mai unguwa shaida ce cewa ka saya, amma ba ita ce shaidar mallakar da gwamnati ke bayarwa ba. Daga nan sai KANGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Kano, cike fom, safiyo ya zo ya auna, a duba ko kana kan hanya ko hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Kuskuren da na yi shi ne na fara bin ta hannun wani ɗan kanzagi da ya ce ya san kowa, ya cinye kuɗin ya daina ɗaga waya. Don Allah ka je da ƙafarka, ka biya a banki, ka adana rasit. Sama da shekara muka yi ana sintiri.

Ranar da takarda ta fito, ko sati ba a yi ba Baba da kansa ya kira magini. Aka yi sokawe na bulo, aka ɗaga bakin rijiya aka yi mata murfi, muka mayar da ita ta wanki kawai, na sha kuma ko daga 'yan garuwa muka saya sai an tafasa wa yara. Da maƙwabta suka ga awon ya nuna titi ba ta kanmu zai bi ba, sai hankali ya kwanta, kowa ya yarda ya ja dakalinsa baya aka yi aikin gayya aka fitar da kwata har bakin kwalbati. Zazzaɓi bai ƙare ba, ba zan yi ƙarya ba, har yanzu a gidan sauro muke kwana, kuma Baba na shan maganinsa, amma yana barci.

Inda abin yake min ciwo gidan hayar da ke ƙarshen layi ne, ɗaki tara bayi ɗaya. Masu hayar ba za su kashe kuɗi ba don ko yaushe za a iya ba su notis, maigidan kuma yana can nesa, a wajensu kwatar take toshewa ruwan ya dawo mana, yaransu da namu kuma tare suke wasa a ciki. Asabar mai zuwa mu huɗu za mu koma wajen mai unguwa ya kira mana shi.