Daga Agadas zuwa gindin Tamgak

Mun bar Agadas da sanyin safiya, mota ɗaya, jarkokin ruwa, da wani dattijon Buzu da ya san hanya kamar tafin hannunsa. Tun ina yaro nake jin sunan Abzin, na ɗauka rairayi ne zalla. Ashe dutse ne baƙi ƙirin, tsauni bayan tsauni, kamar wuta ta bi ta kansu. Daga nesa dattijon ya nuna mini Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijar.

A Timiya na fahimci abin da ke riƙe da rai a wannan ƙasa. Ɗan ruwan da damina ke zubarwa a kan duwatsu ba ya tsayawa, gangarowa yake cikin koramu, ya nutse ƙarƙashin yashi inda rana ba ta iya shanye shi. Shi ake haƙa rijiya a tarar. Na daɗe a wani lambu ina kallon raƙumi yana jan guga, ruwa na bin ƙananan hanyoyi zuwa gindin lemu da rumman da dabino. Bayan shingen kuwa ko ciyawa babu.

Daga nan muka miƙa arewa zuwa Iferwan, a gindin dutsen Tamgak, cikin gandun Abzin da Tenere. Gwamnati ta keɓe shi a 1988, faɗinsa murabba'in kilomita 77,360. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya kacal ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke a yankin. Cikin shekarun tawayen ne masu bindiga da mota suka ƙarar da jiminun da ke yawo a kwarurruka. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na ce, "Baba, ragon dutse fa, yana nan?"

Ya ce, "Yana nan, ɗana, amma ya koyi tsoron ƙarar mota."

Washegari da asuba muka hau da ƙafa. Bareyi biyu muka hango sun tsallaka korama a guje. Ragon dutsen kuwa sawunsa kawai muka samu a bakin wani tafkin dutse, danye, ruwa bai gama taruwa a cikinsa ba.