Gashi na yini ɗaya, bibiya ta shekaru

A ƙauyukan Kano da Jigawa, mai cutar akromegali yakan daɗe kafin a gano shi. Takalmi ya matse, zobe ya ƙi fita, haɓa ta turo, munshari ya yi yawa, amma suga da hawan jini kawai ake yi wa magani. Tushen abin wani ƙari ne a fituwitari, 'yar halittar nan kamar ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, da ke zubo sinadarin girma fiye da ƙima.

Abu na farko da aikin ke koyarwa: gashi da haske, wato ƙona ƙarin da hasken radiyeshon, ba shi ne mafari ba. Tiyata ta hanci ake fara yi. Ragowar da ta maƙale kusa da babbar jijiyar jini, inda wuƙa ba ta shiga, ita ake kai wa Gamma Knife. Na'urar na tattara haske daga tushe 192 na kobal, wani ƙarfe mai fitar da wannan haske, zuwa wuri guda, a zama ɗaya, ba yanka. Ƙarin na bukatar kamar Gy 20 zuwa 25 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken), alhali jijiyar gani ba a so ta sha fiye da 8 zuwa 10. Shi ya sa idan tazararsu ba ta kai milimita 3 ba, akan raba hasken kashi-kashi.

Matsalar tana bayan an dawo daga Masar ko Indiya, inda ake zuwa yin gashin. An sayar da gona, 'yan uwa sun zo barka, kowa ya ɗauka an gama. Ba a gama ba. Sinadarin kan ɗauki shekara biyu zuwa biyar kafin ya sauka, kuma kusan rabin marasa lafiya ne ke dacewa. Kafin nan allurar oktiriyotaid ta wata-wata, mai danne sinadarin, tana nan, haka gwajin jini na IGF-1, mai nuna ko ya sauka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lafiyayyen ɓangaren fituwitari kan raunana a hankali, wani lokaci bayan shekaru. Idan kotisol, sinadarin da fituwitari ke sa jiki ya samar don jure ciwo da wahala, ya yi ƙasa, sai kasala, amai, jiri, jini ya sauka. A kemis za a ce taifod ne, a ɗaura ruwa. Don haka duk wanda aka gasa ya riƙa gwada kotisol da sinadarin tayirod, halittar da ke maƙogwaro, aƙalla sau ɗaya a shekara, takardarsa na aljihu. Wanda aka ɗora a kan haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, ya ninka maganin ranar zazzaɓi, idan amai ya hana shi zama a ciki, allura ce a asibiti nan take. Azumi ma sai ya tuntuɓi likitansa tun cikin Sha'aban.