Wata tara ina shiru a arewacin Ingila

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare a Zariya kafin na zo Ingila karatun digiri na biyu. Ranar da na sauka Newcastle, direban bas ya yi mini magana sau uku ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Mutanen arewa maso gabashin ƙasar suna da nasu karin harshe, da sauri, da haɗiye ƙarshen kalma, kuma babu littafin da ya shirya ni jin sa. Na miƙa katin banki, na nemi kujera, zufa tana keto mini duk da sanyin. Tun daga ranar na koma mai gyaɗa kai. A aji ina da amsa a raina, amma kafin in jera ta an wuce. A kanti in nuna abu da yatsa. Abin ya yi mini ciwo fiye da sanyi, domin ni a gida da baki nake ci.

Na kama ɗaki a Durham, ƙaramin gari mai tudu da gangare wanda kogin Wear ya naɗe tsakiyarsa. Iyalina suna gida, saboda tun Janairun 2024 dokar Birtaniya ta hana masu irin karatuna zuwa da mata da yara. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Sai in dawo in kunna hita ina lissafin kuɗin gas, in tuƙa tuwon semo, in kaɗa kukar da uwargida ta ƙulle mini da daddawa da yaji, in ci ni kaɗai. Ranar Juma'a kawai nake jin muryata ta fito yadda take, wurin gaisawa bayan salla.

Da bazararsu ta shigo sai na ga sanarwa ana neman mai taimaka wa wata malama 'yar Amurka. Ta kawo ɗalibanta goma sha takwas karatun mako huɗu a kan adabin Birtaniya da wuraren ibada na da. Aikin ba wuya: ƙirga kai a mota, riƙe tikiti, duba lokaci, kuma bai wuce awa ashirin da biza ta yarda mini a mako ba. Ina bukatar kuɗin. Amma da na ga jerin wuraren, coci ne da kufan gidajen ruhubanawa, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na kira mahaifina.

Na ce, “Baba, aikin shiga majami'u ne da kaburburan waliyyansu.”

Ya ce, “Bauta za ka yi ko kallo?”

Na ce kallo ne da karatu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ai an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na gabanmu suka ƙare. “Ka je. Kar dai salla ta wuce ka. In ka ga abin mamaki ka ba ni labari.”

Da babbar majami'ar Durham muka fara, wadda na yi wata tara ina wucewa ta gindinta ban taɓa leƙawa ba. An soma gina ta a 1093, aka gama cikin shekara arba'in. A ƙofar arewa akwai wani zoben ƙwanƙwasawa a bakin wata fuskar tagulla mai kama da zaki. Wanda ke jikin ƙofar yanzu kwafi ne, na asalin yana ajiye a ciki. A zamanin da, wanda ya yi laifi aka biyo shi, in ya kai ga wannan zobe ya buga, za a buɗe masa a ba shi mafaka ta kwana 37, ba mai taɓa shi. A ƙarshen ginin ta gabas kabarin Cuthbert, wani babban waliyyinsu, yake, ta yamma kuma na Bede, malamin da ya rubuta tarihin Kiristancin mutanen Ingila ya kammala a 731. Kusan duk abin da muka karanta a makonnin nan daga alƙalaminsa ya fito.

Lindisfarne ce ta fara taɓa ni. Tsibiri ne can arewa kusa da iyakar Sikotilan, kuma teku ce ke ba da izinin shigarsa. Sau biyu a yini ruwa yakan kawo ya shanye hanyar mota gaba ɗaya, sannan ya janye. Akwai jadawalin lokutan da za a iya tsallakawa, kuma ni aka damƙa wa shi. Na san wannan irin takarda, domin irinta ce ta lokutan salla manne a bangon ɗakina, wadda kullum take matsawa da 'yan mintoci. Mun bar motar muka bi tsohuwar hanyar masu ziyara da ƙafa, wajen mil uku a kan yashi da laka, muna bin dogayen sanduna da aka kakkafa a jere. A tsakiya akwai 'yar rumfar katako a kan ƙafafu, don wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau ya jira ceto. Mun tuɓe takalma. Lakar baƙa ce, mai sanyi kamar ruwan randa da asuba, tana tsartuwa ta tsakanin yatsu. Ba wanda ya yi magana mai tsawo. A karo na farko shiruna bai bambanta ni da kowa ba.

A cikin kufan gidan ruhubanawan tsibirin malamar ta karanta mana labarin Aidan. Baƙo ne, daga tsibirin Iona ya zo a 635 bisa gayyatar Sarki Oswald don ya yi wa mutanen ƙasar wa'azi. Bede ya ce bai iya harshen Ingilishi sosai ba, har sarkin da kansa ne yake tsayawa yana yi masa tafinta a gaban hakimai, domin shi ma Oswald ya yi zaman gudun hijira a cikin mutanen Aidan ya koyi yarensu. Na sa ta maimaita wurin. Mutumin da ake girmamawa a duk yankin nan ya taɓa tsayawa gaban jama'a da magana cike da ciki, harshe ya ƙi ba shi haɗin kai.

Sai ta raba mana hoton wani shafi na Linjilar da aka rubuta a tsibirin wajen shekara ta 700 da 'yan kai, a kan fatar maraƙi. Littafin kansa yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Rubutun Latin ne, manyan baƙaƙe masu ado. Amma tsakanin layi da layi akwai wani ƙanƙanin rubutu, kamar sawun tururuwa. Wani limaminsu mai suna Aldred ne ya bi littafin a ƙarni na 10 yana ɗora wa kowace kalmar Latin ma'anarta da tsohon Turanci, don waɗanda Latin ya yi wa nauyi. Ɗaliban suna ta mamaki. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san wannan aikin tun ina yaro. Haka Ishmawi da Risalar mahaifina suke, Larabci a layi, ƙarƙashinsa ajami da siririn alƙalami, abin da ya ji daga bakin malaminsa a zaure. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na yi bayani, ina tuntuɓe, ina komawa baya, wajen minti biyar. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko har yanzu ana yi. Na ce ana yi, ko jiya da daddare an yi.

Littafin nan shi ma ɗan gudun hijira ne. Vikin, maharan teku daga arewacin Turai, sun faɗa wa tsibirin a 793, kuma a 875 ruhubanawan suka tattara suka fita ɗauke da akwatin gawar Cuthbert da littattafansu. Shekara bakwai suna yawo, suka zauna a garin Chester-le-Street fiye da shekara ɗari, sai a 995 suka sauke kaya a kan tudun Durham. Garin da nake biyan haya a cikinsa masu neman wurin zama ne suka kafa shi. Na yi azahar a bayan wani tudun yashi, iska tana kaɗa mini riga, na duba agogo, na tattara mutanena kafin ruwa ya kawo.

Mako na uku muka je Whitby. Matakala 199 ake hawa daga gari zuwa kan dutsen da kufan gidan ruhubanawa yake, kuma ganuwar da ke tsaye yanzu ta wani gini ce na baya, wanda aka rufe a 1539 lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ruhubanawa. A nan ne, zamanin da wata mace mai suna Hilda take shugabantar gidan, aka yi wani mai kiwon dabbobi, Caedmon. Al'adarsu in an taru ana shagali sai a riƙa zagayawa da molo, kowa ya karɓa ya yi waƙa. Shi kuwa da ya ga molon ya kusa zuwa kansa sai ya sulale. Wani dare ya fice haka ya tafi garke ya kwanta, sai ya yi mafarki wani yana ce masa ya yi waƙa. Ya ce bai iya ba, abin da ya kore shi daga taro ke nan. Aka ce masa ya waƙe farkon halitta. Ya buɗe baki ya yabi Mahaliccin da ya ɗaga sama ta zama rufi ga 'yan Adam. Layi tara ne, kuma suna cikin mafi tsufan waƙoƙin Turanci da suka rage.

Ina ganin duk wanda ya tsara irin wannan karatu ya yi daidai da ya kawo ɗalibai nan maimakon ya bar su a aji. A takarda labarin ɗan gajere ne. A kan dutsen, da iskar teku tana ƙwace magana daga baki, sai ka ji nauyin sulalewar mutumin nan. Ni na san ta. Na yi ta a liyafar sashenmu, na yi ta a ɗakin girki in maƙwabtana sun taru.

Malamar ta ce kowa ya karanta layi ɗaya da tsohon Turancin, yadda yake a rubuce. Takardar ta fara zagayawa. Yaran da aka haifa cikin Turanci suka riƙa cije harshe, domin yaren ya yi nisa da nasu kamar ba shi ya haife shi ba. Ina kallon takardar tana matsowa, saura mutum uku, saura biyu. Ƙafata ta so tashi. Na zauna. Da ta iso na karanta layina a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana bin rubutu da tsinke a makarantar allo, na miƙa wa na kusa da ni.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai goma saura na dare, don haka da haskenmu muka iso Durham. Na tura wa Baba hoton shafin Aldred ta wayar ƙanena. Washegari ya aiko saƙon murya. Bai tambayi cocin ba, bai tambayi tekun ba. Cewa ya yi hannun mai ƙaramin rubutun yana da kyau, kuma in tambayo masa da me suke haɗa tawadarsu, tunda ta shekara dubu ba ta kode ba, ko su ma da ƙaro da bagaruwa ne. Ranar Litinin na tsayar da malamar a bakin mota na tambaye ta. Ta ce baƙar daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak ake yin ta, a haɗa da gishirin ƙarfe. Direban ya sa baki da karin harshensa mai sauri, ya ce akwai irin itacen a bakin kogi ƙasan majami'a, in ina so zai nuna mini bayan an tashi. Na ce masa ina so.