Launin Kaka a Fadamar Argungu da Yadda Na Daina Cika wa Hoto Rini

A shekarun da na fara ɗaukar hoton daji da gonaki, idona ya riga ya cika da hotunan kakar ƙasashen sanyi, irin waɗanda ake gani a kalanda da fuskar kwamfuta, inda dazuzzukan Kanada da na arewa maso gabashin Amurka suke yin jawur kamar an yayyafa musu garin barkono. Na ɗauka cewa duk hoton kaka da bai kai wannan ja ba, mai ɗaukarsa ne bai ƙware ba. Da wannan tunani na sauka fadamar Argungu a farkon watan Nuwamba, lokacin da shinkafar damina ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, na kwana uku a gidan kawuna, ina fita bayan sallar asuba ina dawowa da hantsi.

Da na koma Birnin Kebbi na buɗe hotunan a kwamfuta, sai gabana ya faɗi, domin gonar da na gani da idona tana ƙyalli kamar zinariya ta fito a koɗe, tana neman komawa ruwan toka. Maimakon in tsaya in binciki dalili, sai na nufi ma'aunin ƙarfin launi na manhajar gyaran hoto ta Lightroom, wanda yake tashi daga sifili ya kai 100, na ja shi har ya wuce 60, sannan na ƙara wa hoton ɗumi don shinkafar ta yi ruwan goro. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san abin da ake nufi da ƙarfin launi: zane ɗaya ne, shuni ɗaya ne, amma wanda aka tsoma sau ɗaya daban yake da wanda aka yi ta tsomawa har ya turu. Ni kuwa na tsoma nawa har ya fita daga kamanninsa, kuma a lokacin ya burge ni ƙwarai. Na sa aka wanke mini shi babba, aka saka a firam, na kai wa kawuna tsaraba.

Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofar zaure inda haske yake, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, wagga gonar wa ta?" Na ce, "Taka ce mana, Kawu, ga ma giginyar nan ta bakin kwari." Ya girgiza kai ya ce in da shinkafarsa ta yi wannan launi da bai kwana a gida ba, domin ta wuce lokacin yanka, ta fara zuba ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan ruwan da ke gefen gonar ya tambaye ni ko bula aka zuba masa. Bai faɗi haka don ya kunyata ni ba, ya ma yi godiya ya rataye hoton, amma na gane cewa abin da nake ɗauka ado, shi karatu yake yi a cikinsa. Manomin shinkafa da launi yake sanin nunar amfaninsa: idan akasarin ƙwayoyin zangarniya, kamar takwas cikin goma, suka koma launin ciyawar da ta bushe, lokacin girbi ya yi. A gonar kawuna ɓangaren da ke kan tudu ya riga na bakin ruwa nuna, saboda haka launin yana sauka ne a hankali daga rawaya zuwa kore mai ratsin rawaya, kuma wannan saukar ita ce take gaya masa inda masu yanka za su fara. Hannuna ya shafe ta gaba ɗaya.

Da na dawo na ƙara girman hoton a fuskar kwamfuta har zangarniya ɗaya ta cika ta, sai na ga ɓarnar da idona. A hoton asali ana iya ƙirga ƙwayoyin shinkafar, kowace da 'yar inuwarta da siririn layin da ke bayan ɓawonta, amma a wanda na gyara sun narke sun zama dunƙule ɗaya kamar an shafa fenti da yatsa. Dalilin yana cikin yadda kyamara take ajiye launi. Kowane ɗigo na hoto haɗin ja ne da kore da shuɗi, kuma a hoton JPEG, wato tsarin da aka saba ajiye hoto a ciki, kowannensu yana da matakai 256 kacal, daga 0 zuwa 255. Rawaya tana samuwa ne daga ja mai yawa da kore mai yawa da shuɗi kaɗan, don haka idan aka matsa mata, jan yana kai wa 255 ya tsaya, shuɗin ya faɗi zuwa 0, ƙwayoyin da a da suke da ɗan bambanci da juna su koma lamba ɗaya. Abin da ya kai bango ba ya dawowa. Wannan ne ya sa jan zangarniyar kaura da furen kyasuwa suke fara lalacewa kafin komai a hoton kaka.

Sai daga baya na yarda da abin da ya kamata in sani tun farko, wato kakarmu da ta ƙasashen sanyi suna ne kawai ya haɗa su a littafin makaranta. A can, gajartar yini da sanyi ne suke sa koren ganye ya rushe, rawayar da take ɓoye a ƙarƙashinsa ta bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera sinadari ja a cikin ganyen kafin ya faɗi. A nan ɗaukewar ruwa ce take sauya launi, kuma ba a saman itatuwa abin yake faruwa ba, a ƙasa yake, cikin gamba da karan dawa da harawar wake da aka ɗora a kan reshe. Kuka tana zubar da ganye ne ba tare da wani biki ba, darbejiya tana nan da korenta, gawo kuwa, da ya yi damina tsirara, a lokacin ne yake fara fitar da sabon ganye. Launukanmu na kaka ruwan zuma ne da ruwan ƙasa da ruwan toka da kore mai ƙura, kuma kyansu yana cikin kusancinsu da juna. Har hotunan can da nake koyi da su ba duka ne suke faɗin gaskiya ba. Tun da kamfanin Fujifilm ya fitar da fim ɗin kyamara mai suna Velvia a 1990, wanda ya shahara da tura launi fiye da yadda ido yake gani, masu hoton daji suka saba wa duniya da wannan ɗanɗano, manhajojin waya kuma suka gaje shi.

Da kaka ta zagayo na koma, kuma a wannan karon na yanke shawarar neman launin a gona, ba a kwamfuta ba. Abu na farko da na gano shi ne musabbabin koɗewar da ta tsorata ni a bara. Na bar wa kyamara ta daidaita fari da kanta, ita kuwa da ta ga fili cike da rawaya sai ta ɗauka haske ne ya gurɓata, ta zuba masa shuɗi don ta gyara. Da na kafe ma'aunin farin a kan hasken rana, wajen 5,500 a ma'aunin Kelbin da ake auna ɗumin launin haske da shi, zinariyar ta dawo ba tare da na taɓa komai ba. Na koma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda a kyamarata yake da matakai 16,384 ga kowane launi, na kuma riƙa duba jadawalin haske, wato zanen da kyamara take nuna yawan hasken hoto da shi, na launin ja shi kaɗai, domin jadawalin gama-gari yana iya nuna lafiya lau alhali jan ya riga ya ƙone. Rage haske da sulusin mataki ko sulusi biyu ya wadatar a mafi yawan lokuta (rage mataki ɗaya shi ne rage rabin hasken da yake shiga kyamara).

Lokaci kuwa bai da yawa. A Nuwamba rana tana fitowa a nan wajen ƙarfe bakwai saura, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, a miƙe take hawa, ba ta jan ƙafa a gefen sama kamar yadda take yi a Turai. Hasken nan mai laushi da yake shigowa ta gefe ya ratsa zangarniya bai fi na rabin awa ba, bayansa sai fari mai kashe launi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda masu hoto suke kira folaraiza. Ganye yana da santsi a bayansa, ga kuma raɓar kaka da take kwanciya a kai da asuba, saboda haka wani ɓangare na abin da kyamara take gani ba launin ganyen ba ne, hasken sama ne da ya daki santsin ya dawo fari. Na durƙusa a kan kunya, rana tana kafaɗata ta dama, ina juya gilashin a hankali ina kallo, sai na ga farin yana janyewa daga ganyen shinkafar kamar ana share ƙura daga madubi, koren da rawayar suna fitowa daga ƙarƙashinsa. Wannan ƙarin launi ne na halal, domin ba a ƙirƙiri komai ba, mayafi kawai aka yaye. Gilashin ya fi aiki idan rana tana gefe, yana kuma cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, abin da ya tilasta mini kafa kyamarar a kan ƙafafunta. Shi ma yana da nasa wuce gona da iri, domin da na juya shi har ƙarshe sai ƙyallin ruwan fadama ya mutu, ruwan ya zama kamar kwalta, don haka nake tsayar da shi a rabi.

Ban ce kada a taɓa ma'aunin ƙarfin launi ko kaɗan ba, kuma ba na tare da masu cewa hoton gaskiya shi ne wanda ya fito daga kyamara ba gyara. Hoton RAW a kwance yake fitowa, dole a tashe shi. Akwai ma wani binciken da Bartleson na kamfanin Kodak ya wallafa a 1960, wanda ya nuna cewa mutane suna tuna launin abubuwan da suka saba da su, irin ciyawa da sama, da ƙarfin da ya fi na zahiri. Ke nan wanda ya tsaya a gona ya dawo gida, zuciyarsa ta riga ta ƙara mata rini, kuma ɗan ƙari kaɗan yana kusantar da hoto ga abin da ya ji. Matsalar ita ce ido yana sabawa cikin mintuna, abin da ya yi yawa ɗazu ya zama daidai yanzu, mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Yanzu nakan yi amfani da ma'aunin da ke saman na ƙarfin launi a manhajar, wanda yake ɗaga launukan da suka koɗe ya sassauta wa waɗanda suka riga suka turu, ba na kuma wuce 10 ko 15. Idan na gama sai in tashi in fita tsakar gida, in dawo bayan wani lokaci in sake dubawa, kuma sau da yawa ragewa nake yi. Nakan nemi abin shaida a cikin hoton, kamar farar rigar mai yanka ko fatar hannunsa ko bayan farin bijimi, domin idan waɗannan suka karkata zuwa ruwan lemo, sauran hoton ma ya karkata. Na kuma mayar da fuskar wayata daga tsarin launi mai ƙyalli zuwa na ɗabi'a, tunda a kanta nake yi wa hoto duban ƙarshe kafin in tura wa mutane.

A kwana na ƙarshe hazon farko na hunturu ya sauko, sama ta yi fari, giginyoyin da ke hayin gulbi suka jera suna dusashewa, na kusa baƙi, na bayansa toka, na can nesa kamar hayaƙi. Manhajar tana da ma'aunin kawar da hazo, na gwada shi, ya mayar mini da safiyar kamar ta watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, sai na mai da shi sifili. Wannan hoton na wanke na kai wa kawuna. Ya duba a bakin ƙofar zauren nan, ya nuna ɓangaren tudu ya ce wannan shi suka yanka ranar Asabar, na bakin ruwan kuma sai da ya ƙara kwana shida, sannan ya kira ƙaramin ɗansa ya kawo ƙusa.