Littafin Hajiya da ya koma baƙaƙen aljanu

Wata Hajiya marubuciya da muka fara aiki tare tun ina yaron shagon tsara littattafai ta zo mini a watan jiya, tana so a sake buga littafinta na farko. Ta ciro faifan CD daga jaka, an naɗe shi da leda, ta ce, "Malam, komai yana ciki." Na sa a kwamfuta, gabana yana faɗuwa, don na san abin da zan tarar.

Da PageMaker, wata tsohuwar manhajar tsara littafi, aka tsara shi. Kamfanin Adobe ya tsaya a kan na 7, wanda ya fito a 2001, kuma InDesign na yanzu, wanda ya maye gurbinsa, ba ya buɗe fayilolinsa. Sai da na tono tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur kafin ya buɗu. Da ya buɗu kuma, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, wata alama ce ta zauna. A wancan zamani dabara muke yi: a ɗauki wani maɓalli da Hausa ba ta amfani da shi, a ɗora masa harafi mai lanƙwasa cikin font, wato salon haruffa, na musamman. Muddin font ɗin bai biyo fayil ba, rubutu ya lalace. Kwana shida na yi ina musanya alamomin da haruffan Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke ganewa, sannan na bi shafi-shafi da tsohon bugu a hannu, saboda wasu wuraren alamar ta gaske ce.

Bangon ne ya fi ba ni takaici. Zanen asali ya ɓata, sai hoton da wani ya turo mata ta WhatsApp, wanda manhajar ta matse shi. Maɗaba'a tana son hoto mai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. Wannan ko a waya dishi-dishi yake. Kuma ba takardar da ta nuna ko mai zanen ya sayar da zanen ne gaba ɗaya, ko na bugu ɗaya ya bayar. Haƙƙin mutum ne, ba zan taɓa ba, sabo muka sa aka zana.

Tun shekaru uku da suka wuce na sauya tsari a shagona. Kowane littafi da jakarsa: sunan littafi, shekara, bugu na nawa. A ciki akwai tsuran rubutu da Unicode, fayil ɗin tsari tare da font ɗinsa, PDF ɗin da aka kai maɗaba'a, bango a fayil ɗin hoto na TIFF, da hoton yarjejeniyar mai zane. Kwafi uku nake ajiyewa, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a hard disk ɗin da ke gida, ɗaya a Google Drive. Filash kam na daina yarda da shi, bairos ya sha cinye mini aiki.

Daga tsuran rubutun nan ake fitar da na karatu a waya, shi ake miƙa wa mai karantawa a YouTube, daga bangon kuma a yanko hoton talla na Facebook. Na Hajiya yanzu ya shiga jakarsa. Ta ce sauran littattafai huɗu suna gida, biyu a kan tsohon faifan fulofi, za ta aiko jikanta da su ranar Asabar.