Takardun Baba, tun yana da ransa da hankalinsa

Yawancin masu hawowa ofishina a nan Kano ba tsofaffi ba ne, 'ya'yansu ne. Baba ya fara mantuwa, ko ƙafa ta hana Hajiya zuwa banki, sai babban wa ya zo ya ce, "Barista, ya za mu yi?" Aikinmu ke nan: takardar wakilci, wasiyya, kyauta, da daidaita takardun gida da gona.

Ba na ɗora biro a kan takarda sai na zauna da tsohon shi kaɗai, 'ya'ya na waje. Wannan a wajen maigidana na koya, wani tsohon magatakardan kotun shari'a, Allah ya jiƙansa. Shi ba ya fara da maganar dukiya. Sai ya tambayi dattijo wa ke iyaka da gonarsa ta gabas, wa ke yamma, a hannun wa ya saye ta, su wa suka shaida. In amsa ta zo daidai, ya ci gaba. In ya ga tsoho na waiwayen ƙofa kafin ya yi magana, sai ya rufe littafi ya ce a dawo wani lokaci, don ya gane akwai mai matsa masa a gida.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kyauta. A mazhabar Malikiyya, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Baba ya ce ya ba Hadiza shago, amma har yau shi ke karɓar haya? To shagon nan gado ne. Shi ya sa muke zuwa wurin da ƙafarmu, a miƙa makulli gaban shaidu, a sanar da ɗan haya. In fili ne mai C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya suna, mu bi fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar Kano, har ya fito.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya su ne masu kwamfuta na bakin kotu. Su sauko da fom daga intanet, tsarin Ingila, su canza suna kawai. An taɓa kawo mini wasiyyarsu da ta raba dukiyar mutum kaf tsakanin 'ya'yansa, alhali wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Amma in na faɗi kuɗin aikina sai a ce, "Haba Barista, shafi biyu ne fa!"

Sauran abu biyu da nake nanatawa. Wakilci yana ƙarewa ranar da wanda ya ba da shi ya cika, don haka cire kuɗi da katin ATM ɗinsa bayan nan cin haƙƙin magada ne. Sunan da ya rubuta a matsayin makusancinsa a fom ɗin banki ko na fansho kuwa bai mai da kowa mai kuɗin ba, sai kotu ta ba da izini. Muna kuma sa dattijo ya lissafa basussukansa da bakinsa, wanda ake binsa da wanda yake bi, har da kuɗin adashe da ajiyar mutane, tunda sai an biya bashi ake zartar da wasiyya, sannan a raba gado.